Tsohuwar Kwamfutar Tafi-da-gidanka Ta Isa Ta Zama Rumbun Waƙoƙin Gida

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10, kuma daga ranar miliyoyin kwamfutocin da ke aiki lafiya lau suka faɗa sahun tsofaffin kaya. Babu abin da ya lalace a jikinsu. Sharuɗɗan Windows 11 ne suka rufe musu ƙofa, domin tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya komawa shara ta wannan dalili kaɗai. Mu kuwa mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Kwantena ke sauke su a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bazu a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba, daga nan su haura Arewa, su cika shagunan masu sayar da na hannu a Kano da Kaduna da Abuja. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya duk shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun kafin a sauke su.

A duniya baki ɗaya lamarin ya fi haka muni. Rahoton sharar lantarki da hukumomin ITU da UNITAR suka fitar a 2024 ya nuna an zubar da tan miliyan 62 a shekarar 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Sauran na ƙarewa a juji, ko a hannun yara masu ƙona wayoyi don cire jan ƙarfe, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbloshie ta Accra kafin a rushe wurin a 2021. Cikin wannan tuli akwai kwamfutocin da allonsu ya tsage, ko wasu madannai suka daina amsawa, ko suka yi nauyin buɗe shafin intanet na zamani, amma zuciyarsu na nan da ƙarfinta. Abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa shi ne, a gidan da data ke da tsada, wuta ke zuwa ta koma, kuma yawancin abin da ake so a saurara babu shi a manyan dandalin waƙa na duniya, babu na'urar da ta fi irin wannan kwamfuta dacewa da zama rumbun sauti na iyali. Kuma amfanin ya wuce rage kashe kuɗi, domin ta wannan hanya ce tarin waƙoƙi da karatuttukan Hausa da ke yawo a kaset da memori za su sami wurin zama mai tsari.

Yadda abin ke aiki

Saba kwamfuta ce da ke zaune wuri ɗaya tana miƙa wa wasu na'urori abin da suka nema. A nan, ana tara duk fayilolin sauti a cikin tsohuwar kwamfutar, a sa mata manhajar da za ta karanta su ta jera su bisa sunan mawaƙi da kundi da shekara, sannan a haɗa ta da rautar gida. Duk wayar da ke kan WiFi ɗin gidan za ta iya buɗe rumbun, ta bincika, ta kunna abin da take so, ko ta sauke shi don tafiya. Maigida na sauraron tafsiri a zaure, uwargida na jin Barmani Choge a kicin, yara na bitar hadda a ɗaki, duka daga kwamfuta ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, WiFi daban, intanet daban. Rauta na iya haɗa na'urorin gida da juna ko babu ko kwabo na data a cikinta, saboda sautin daga ɗaki zuwa ɗaki yake tafiya, ba ya fita waje.

Manhajojin saba da ke wannan aiki kyauta ne, kuma sun nuna. Navidrome an yi ta ne don sauti zalla, mara nauyi ce ƙwarai, kuma tana magana da yaren Subsonic, wanda manhajojin waya da dama ke fahimta, irin su Ultrasonic da Symfonium a Android, da Amperfy a iPhone. Jellyfin, wadda ta ɓalle daga Emby a 2018, tana ɗaukar sauti da bidiyo duka, ga kuma Finamp da aka yi mata don waƙa. Lyrion Music Server, wadda a da ake kira Logitech Media Server, ta ƙware wajen kunna abu ɗaya a ɗakuna da yawa a tare. Wanda kuma yake son kwamfutar da kanta ta riƙa fitar da sauti, sai ya jona ta da amfilifaya ko sifikun falo ta ramin iyafis, ya sa MPD, wayarsa ta zama rimot. In ramin na fitar da ƙara ko gurnani, ɗan ƙaramin DAC na USB zai gyara.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ko na'urar da ta shekara 10 ko 15 za ta iya. Amsar tana cikin tarihi. Winamp ta fito a 1997, kuma tana kunna MP3 a kwamfutocin Pentium na wancan zamani ba tare da tangarɗa ba. iPod na farko da Apple ya fitar a 2001 gigabait 5 kacal gare shi, kuma da waƙa 1,000 aka tallata shi. Sautin faifan CD, wanda ba a matse shi ba sam, kilobit 1,411 ne a daƙiƙa, abin da ko rauta mafi araha za ta ɗauka sau da yawa a lokaci guda. Kwamfuta mai Core 2 Duo ko Core i3 na farko-farko da RAM gigabait 2 ta fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba. Abin da ke sa ta nauyi a hannun mai ita shi ne burauza mai shafuka goma a buɗe da manhajojin da ke gudu a ɓoye. In aka sauke mata wannan kaya, aka bar ta da aiki ɗaya, yawancin yini hutawa za ta yi.

Wurin ajiya ma lissafinsa a fili yake. MP3 mafi inganci, mai kilobit 320, yana cin megabait 2.4 a minti. Ke nan faifan ajiya mai gigabait 500, irin wanda ke zuwa cikin kwamfutocin hannu da yawa, zai ɗauki fiye da awa 3,000. Wa'azi da tafsiri, da yake magana ce, ba sa bukatar ko rabin wannan inganci, don haka a kilobit 128 faifan zai haura awa 8,000, kusan shekara guda ana saurare dare da rana. Wanda ya fi son FLAC, tsarin da ya fito a 2001 wanda ke rage girman fayil kusan da rabi ba tare da zubar da komai daga sautin ba, zai sami wajen awa 1,500. Kaɗan ne gidajen da tarinsu zai cika wannan.

Abin da babu shi a Spotify

Za a ce, ai Boomplay na nan Najeriya tun 2015, Spotify ya shigo a Fabrairun 2021, ga Audiomack, ga YouTube, me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wahala? Ga mai son sababbin waƙoƙin Legas ko na Amurka, wannan magana na da ƙarfi, kuma kuɗin Spotify a Najeriya na cikin mafi araha a duniya. Amma a gwada neman tsohon kiɗan Hausa a waɗannan wurare. Abin da za a samu na Mamman Shata ɗan tsakure ne daga waƙoƙin da har yau ba a gama ƙididdige su ba, sau da yawa da sunan da aka rubuta ba daidai ba, ba shekara, ba bayanin wanda aka yi wa waƙar. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo, da Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Sa'idu Faru, da Ɗan Anace, da gurmin Haruna Uji, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da biram ɗin Maman Barka na Nijar. Yawancin ayyukan waɗannan mutane a gidajen rediyo aka ɗauke su, irin Rediyon Kaduna da Muryar Sahel ta Yamai, ko a fadoji da wuraren biki, suka yaɗu ta kaset daga hannu zuwa hannu, daga baya ta Bluetooth da Xender da shagunan masu tura waƙa. Wannan hanya ta waya zuwa waya ta yi ƙarfin da har kamfanin Sahel Sounds ya fitar da kundi guda a 2011 na waƙoƙin da aka tattaro daga memorin wayoyin mutanen Sahara.

Ko abin da ke kan intanet ɗin ma zaman haya yake yi. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya saba. Microsoft ya rufe sashen waƙa na Groove a 2017, Google ya rufe Play Music a 2020. Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify a Janairun 2022, ba su dawo ba sai 2024, kuma a wannan tsakani duk wanda ya jera su a asusunsa ya wayi gari babu su. Tashar YouTube da wani mai kishi ya shekara yana ɗora wa tsofaffin waƙoƙi na iya rufuwa saboda ƙorafin haƙƙin mallaka. Waƙar da aka sauke a cikin Spotify ma ba ta zama ta mai wayar ba, domin dole ya leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, kuma ranar da ya daina biya ta kulle. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan, da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga kuma gidajen da kiɗa ba ya cikin tsarinsu, hujjar ta fi ƙarfi. Karatun Alƙur'ani cikakke, tun daga na Mahmud Khalil al-Husari da aka ɗauka a Masar a 1961 har zuwa na Minshawi da Abdul Basit, da tafsiran Ramadan na malamai irin Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da karatun littattafai da ake yi zama-zama, duka abubuwa ne masu tsawon ɗaruruwan awoyi da ake so a bi su a jere. Waya ba ta iya riƙe su duka, kuma neman zama na 47 a cikin tarin saƙonnin WhatsApp aiki ne mai cin rai. A rumbun gida kowane malami da foldarsa, kowane littafi da jerinsa. Kuma tunda kowane ɗan gida na iya samun asusunsa da kalmar sirrinsa, a Jellyfin iyaye na iya ware abin da yara za su gani, ba talla, ba wani bidiyon da zai faɗo musu bayan wanda suka kunna.

Lissafin data da wuta

Sauraro kai-tsaye ta intanet a kilobit 160 na cin megabait 72 a awa. Mutum ɗaya mai sauraron awa 3 a rana zai ƙona wajen gigabait 6.5 a wata, gida mai mutum biyar kuwa ya haura gigabait 30, kuma yawanci abu ɗaya ake ta maimaitawa ana sake biyan kuɗin jigilarsa. In ta YouTube ake ji, an biya har da kuɗin hoton da ba a kalla ba. Wannan kuwa bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. A rumbun gida sau ɗaya fayil ke shigowa, daga nan ko sau dubu aka kunna shi ba a taɓa data ba.

Masu adawa za su ce an gudu daga kuɗin data an faɗa kuɗin wuta. Sai a lissafa. Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka kashe allonta tana aikin saba na cin wajen wat 10, wani lokaci ƙasa, wani lokaci sama kaɗan, kwatankwacin ƙwan LED guda. Wat 10 dare da rana na kwana 30 ya kama yunit 7.2. Ko a rukunin wuta na Band A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 a kan yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, kuɗin na tsayawa wajen naira 1,500 a wata. Ba kuma dole ba ne ta kwana a kunne. Gidan da ke da ƙaramar sola da inbata ba zai ma ji nauyinta ba.

Babbar fa'idar ma a wajen wutar take. Masu wannan harka a Turai da Amurka sun fi son Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da ta fito a 2012 a kan dala 35, ko akwatin ajiya na NAS mai ɗaruruwan daloli. Dukansu ba su da batir. Da an ɗauke wuta sun mutu nan take, kuma mutuwar farat ɗaya ita ce ke lalata katin memori da faifan ajiya. Don haka sai an saya musu UPS, ga caja, ga gida, ga allo da kibod ranar da wani abu ya rikice, duka da kuɗin waje. Tsohuwar kwamfuta kuwa da duk waɗannan ta zo. Batirin da ya gaji har ba ya riƙe fiye da minti 30 bai da amfani ga ɗalibi a aji, amma ya isa ya tsallakar da saba daga ɗaukewar wuta zuwa tashin janareta, ko ya ba ta damar rufe kanta cikin natsuwa. In aka haɗa da rauta ko MiFi mai nata batirin, sauraro zai ci gaba ko a cikin duhu.

Haɗurran da ba a ɓoyewa

Akwai ƙorafe-ƙorafe uku da ke da gaskiya, kuma raina su ganganci ne. Na farko batir da zafi. Batirin lithiyam da ke zaune cike maƙil kullum a ɗaki mai zafi yana saurin lalacewa, wani ya kumbura, kuma kumburarren batir na iya kamawa da wuta. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba abin wasa ba ne. Maganinsa shi ne a ajiye na'urar a wuri mai iska, a kan abu mai tauri ba katifa ko kafet ba, a ɗan ɗaga ƙasanta. Kwamfutoci da yawa, musamman ThinkPad da wasu Dell, suna ba da damar tsayar da caji a kashi 60 ko 80 cikin ɗari, kuma a Linux manhajar TLP na yin wannan ga waɗanda suka dace. Duk batirin da ya fara ɗaga kibod ko ya buɗe bakin murfi, a cire shi ranar, kwamfutar za ta ci gaba da aiki da caja. Ƙurar hunturu kuma na toshe fanka, don haka a kai wa mai gyara ya hure ta ya sauya man furosesa kafin bazara ta shigo.

Na biyu, faifan ajiya mutuwa yake yi, kuma tsoho ya fi kusa. Duk wanda ya tara aikin shekaru a faifai ɗaya ya sani cewa rana ɗaya zai iya rasa shi duka. Ƙa'idar da masu adana bayanai suka daɗe a kai ita ce kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, wannan na nufin faifan waje na USB da ake kwafewa a ciki duk wata a cire a ajiye, da kuma wani a gidan ɗan'uwa. Wannan kuɗi ne na gaske, kuma shi ne kaɗai sayayyar da bai kamata a yi wa ƙwauro ba. In da hali, a sa ƙaramin SSD don babbar manhaja, domin ya fi jure girgiza, a bar tsohon faifan ga sauti.

Na uku tsaro. Windows ɗin da aka daina yi wa gyara ƙofa ce a buɗe, kuma harin WannaCry na 2017 ya nuna abin da ke faruwa da kwamfutocin da ba a sabunta ba, lokacin da ya durƙusar da asibitoci a Ingila. Hanya mafi tsafta ita ce a goge Windows a sa Linux, ko Debian ko Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna samun gyaran tsaro na shekaru. Sannan kada a buɗe sabar ga duniya ta rauta. Wanda ke son jin rumbunsa daga ofis ko daga tafiya ya bi ta Tailscale ko WireGuard, waɗanda ke haɗa wayarsa da gida ta ɓoyayyar hanya, ko kuma ya sauke abin da yake so tun kafin ya fita.

Daga nan sai maganar wahala, wato cewa wannan aikin 'yan boko ne masu ilimin kwamfuta. Gaskiya ne akwai matakai: a sa Linux ta filash, a umarci na'urar kada ta yi barci in an rufe murfinta, a jona ta da rauta da kebul in zai yiwu, a ba ta adireshin IP da ba ya sauyawa, a sa Navidrome ko Jellyfin, a nuna mata foldar sauti. Amma aikin yini guda ne, sau ɗaya, kuma bai kai wahalar sauya allon waya ko yi mata filashin ba, abubuwan da samari ke yi kullum a Farm Centre ta Kano. Bayan an gama, mai amfani ba ya ganin komai sai manhaja a wayarsa mai kama da Boomplay. Wanda kuma ya ce memori mai gigabait 64 ya ishe shi, ya tuna cewa memori na tafiya da waya ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa, kuma kowane ɗan gida na riƙe da nasa guntun tarin, babu mai cikakke.

Haƙƙin mai waƙa

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na satar fasaha. Mawaƙan Hausa sun daɗe suna kuka da masu kwafar aikinsu suna sayarwa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023 ta ƙara tsaurara hukunci, har da abin da ake yaɗawa ta intanet. Babu wata dabara da za ta halatta kwashe sabon kundin Nura M. Inuwa ko Aminu Ala ko Ali Jita a raba wa unguwa ba tare da sun ga sisi ba. Saba ba ta tambayar inda fayil ya fito, don haka nauyin na kan mai ita: ya cika ta da faifan da ya saya, da kaset ɗin gidansu, da abin da masu shi suka saki da kansu, da abin da ya biya, kuma ya tsaya a amfanin iyalinsa. Sai dai kada a ɗauka cewa sauraro ta dandali shi ne adalci ga mawaƙi kai-tsaye. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, kuma abin da yake biya a kasuwa mai arahar rajista kaɗan ne. Mutumin da ya tura wa mawaƙi kuɗin kundi ya ajiye shi a rumbunsa na iya fin mai sauraron kyauta amfanar da shi.

Aikin da na'ura ba za ta yi ba

Sashe mafi daraja a wannan aiki ba na lantarki ba ne. Manhaja na jera sauti ne bisa bayanan da ke liƙe da kowane fayil, wato sunan waƙa da mawaƙi da shekara. Ga waƙoƙin Turawa, MusicBrainz Picard na iya sauraron fayil ta gane shi ta cika bayanan da kanta. Ga namu kuwa, yawanci ba ta san su ba. Abin da ke hannun mutane fayiloli ne masu suna "Track 01", ko jerin lambobin da WhatsApp ke liƙawa. Dole mutum ya zauna ya rubuta da hannu, kuma dole ya tambaya. Dattijon da ya san cewa Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo, wanda zai ji amshi ya ce wannan ɗaukar rediyo ce waccan ta gidan biki, shi ne ainihin ma'ajin wannan ilimi. Littattafan masana irin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa na taimakawa wajen tantancewa, amma abin da ya shafi kaset ɗin gida, wa ya ɗauka, a bikin wa, a wace shekara, sai 'yan gidan.

Kaset ɗin kansa kuma ba ya jira. Zaren maganaɗisu na saki da zafi da danshi, rikodojin da ke juya shi na ƙarewa a kasuwa, masu gyaransu na raguwa. Kwafe shi ba ya bukatar komai sai rikoda mai lafiya, da kebul zuwa kwamfuta, da manhajar Audacity ta kyauta, da haƙurin zama minti 60 ko 90 a kan kowane guda, tunda da saurin da ake saurarensa ake kwafarsa. A ajiye na asalin a FLAC ba tare da an taɓa shi ba, in ya so a yi wani kwafin a rage masa ƙara.

Saboda haka akwai abin yi ga ɓangarori uku. Masu gyaran kwamfuta a kasuwanninmu na zaune a kan sana'ar da ba su buɗe ba: na'urorin da suka jibge a ƙarƙashin tebur don allo ya fashe za su iya zama rumbunan da aka shirya aka sayar da araha, tare da koya wa mai saye yadda zai yi kwafin ajiya. Makarantun Islamiyya da ɗakunan karatu da sassan Hausa na kwalejoji na iya kafa irinsa don ɗalibai su saurara ba da data ba. Iyalai kuma su fara da abin da ya fi kusa da salwanta: a tattaro kaset da memorin da ke gidan, a zaunar da manya tun suna nan, a rubuta abin da suka sani a kan kowane ɗaya, sannan a kai kwafi na biyu gidan ɗan'uwa kafin damina.